Mako Guda a Ɗakin Fayil

A danginmu, duk yaron da ya kai lokacin zaɓar abin da zai karanta a jami'a, da ni ake tsorata shi. Ba don ban yi karatu ba. Na yi, na kuma fita da sakamakon da aka sa a firam aka rataye a falon mahaifinmu wata uku cur, kafin a gane babu abin da zai biyo bayansa. Tarihi na karanta. Yau shekara ashirin da shida ke nan ina zaune a ɗakin ƙasa na kamfanin ruwa, ina gadin tsofaffin fayil-fayil.

'Ya'yan 'yan'uwana Kawu Ya-Danganta suke kirana, da farko a bayan idona, yanzu har a gabana. Ni na jawo wa kaina. Wata rana aka tambaye ni ko kakanmu mutumin kirki ne, na ce ya danganta da wanda ka tambaya, 'ya'yansa ko maƙwabtansa. Wata ranar kuma matata ta tambaye ni a gaban baƙi ko miyar ta yi, bakina ya riga hankalina. Tun daga nan sunan ya zauna daram.

Ranar Lahadi da la'asar Yaya ta zo gidana da Auta, ƙaramar 'yarta. Yaya nas ce, shekara talatin tana yi wa mutane allura ba ta taɓa neman ra'ayinsu ba. Ita ta goya ni ina jariri, kuma ba ta taɓa bari na manta ba. Tun rasuwar mijinta ita ce uwa ita ce uba a gidanta.

"Zauna," in ji ta, a cikin falona, a kan kujeruna. Na zauna.

Ta zaro wata takarda daga jaka ta shimfiɗa a kan tebur. Fom ne na zaɓen fanni. A layin farko, da rubutun Auta, an sa Tarihi. Layin ƙasa, inda uwa ko uba za su sa hannu, babu komai.

"Makinta ya kai na harhaɗa magunguna har da rara," in ji Yaya. "Ka ji? Har da rara. Amma wai ita labarin matattu za ta karanta. Na yi wa'azi har muryata ta dushe. To na gaji da magana, gani ya kori ji. Gobe ka tafi da ita wurin aikinka, ta yini a can, kullum har Alhamis. Ranar Juma'a ƙarfe huɗu ake rufe karɓar fom. Zan zo kafin nan, ka ba ni amsa guda: in sa hannu a kan wannan, ko in goge in rubuta magani. E ko a'a. Ka kuskura ka ce min ya danganta, za ka ga abin da ya danganta."

"Wato ni ne hoton huhun da ake mannawa a jikin kwalin sigari," na ce.

"Ban zo wasa ba. Ta yarda duk abin da ka ce shi za a yi. Ko ba haka ba?"

Auta ta gyaɗa kai. Yarinya ce doguwa, mai shekara goma sha takwas, ba ta da surutu. Idonta na kan kantar littattafaina, waɗanda rabon da in buɗe ɗaya daga cikinsu tun kafin a haife ta.

Gaskiya aikin bai yi min nauyi ba. Na san amsar tun kafin su fita. A'a ce. Abin da ya rage kawai in bar ɗakin ya faɗa mata da kansa.

Ranar Litinin muka hau bas tare. Hanyarmu ta bi ta titin bayan tasha, inda babban bututun ruwa ya fashe mako uku da suka wuce. Titin ya zama fadama, masu shaguna sun jera tubala suna tsallakawa, mata na tattare zani. Ba za a iya gyaran ba sai an rufe bawul, wato makullin da ake murɗawa a tsayar da ruwan layin, shi kuwa bawul ɗin an daɗe da binne shi a ƙarƙashin kwalta. Injiniyoyinmu sun tona rami biyar suna nemansa. Direba ya kauce wa na huɗu, ya faɗa gefen na biyar, ya yi wa kamfaninmu addu'ar da ba zan maimaita ba. Na sa hannu na rufe katin aikin da ke rataye a wuyana.

Matattakala ashirin da biyu ce ke kai mutum ɗakina. Taga ɗaya ce, can sama daidai da titi, don haka mutanen gari ta takalmansu na san su. Fankar tana da gudu iri biyu: ko ta tsaya cik, ko ta kwashe takardu. Kantoci goma sha huɗu ne jere, maƙare da kwalaye, ga warin tsohuwar takarda da mutum ke tafiya da shi gida a jikin riga. Matata ta ce ko a cikin duhu za ta gane ni.

"Dokoki uku ne," na ce wa Auta. "Ba a shigo da biro, fensir kawai, don biro in ya taɓa takarda ya taɓa ke nan. Ba a shigo da ruwa, duk da kamfanin ruwa ne. Kuma duk abin da kika ɗauka ki mayar da shi yadda kika same shi, ko da kin ga a hargitse yake. Hargitsin ma wani ne ya yi shi, kuma yana da dalilinsa."

"To Kawu."

Tsohon masinjanmu ya leƙo daga matattakala, kamar yadda yake yi kullum don ya huta daga aiken mutanen sama. "Farfesa, an samu ɗaliba ke nan? 'Yan mata, me kika yi aka turo ki nan?"

Farfesa suke ce min a ofis. Ba girmamawa ba ce.

Na daɗe ina tunanin aikin da zan ba ta, na zaɓi mafi muni. Fil ɗin da aka haɗa tsofaffin takardu da shi yana yin tsatsa, tsatsar ta ci takarda. Sai an bi su ɗaya bayan ɗaya an zare fil, a zura farin zare ta hudar a ɗaure. Na sauko mata da kwalaye shida na sashen haƙa da shimfiɗa bututu, na shekara arba'in da suka wuce. Rahotannin mako-mako ne na leburori: an tona nan, an rufe can, diga biyu sun karye, wane bai zo ba. Ni kaina na shekara goma ina kewaye waɗannan kwalaye. Na ba ta gwangwanin zuba fil, na koma teburina na ci gaba da abin da nake yi kowace Litinin, wato jiran Talata.

Da aka tashi yatsunta sun yi ja da tsatsa, tana atishawa. A cikin bas ta yi barci, kanta a jikin gilashi. Na ji tausayinta, na kuma ji daɗi.

Ranar Talata na lura gwangwanin ba ya cika. Jiya kafin azahar ta gama rabin kwali. Yau ƙarar faɗuwar fil sai jefi-jefi, kamar famfon unguwarmu. Na ɗaga kai. Ta dafe haɓa, leɓɓanta na motsi.

"Na ce ki cire fil, ban ce ki karanta ba."

"Ai sai na duba in ga waɗanda ke tare, Kawu, kar in ɗaure da ba daidai ba."

"Duba daban, karatu daban."

"Akwai wani shugaban leburori a nan," in ji ta, kamar ba ta ji ni ba. "Duk sauran layi uku suke rubutawa. Shi sai ya cika shafi. Har ruwan sama yake rubutawa, da sunan wanda ƙasa ta rufta wa a ƙafa. Rubutunsa kamar kaji sun yi dambe, amma in aka saba ana ganewa."

A nan na gane kuskurena, kuma kuskure ne da bai kamata mai irin karatuna ya yi ba. Na ɗauka na ba ta aikin da zai kashe mata sha'awa, alhali na sa mayunwaci gadin rumbu. Ni ma ai haka aka kama ni. Ina ɗan shekara goma sha biyu na sayi gyaɗa aka ƙunsa min a cikin rabin wata tsohuwar wasiƙa, wani yana roƙon ɗan'uwansa ya dawo gida kafin wani abu ya faru. Daidai wurin abin aka yage. Na koma wurin mai gyaɗar neman ɗaya rabin, ta ce in saya ko in ba ta wuri. Ban faɗa wa Auta wannan ba. Na ce ta ƙara sauri.

Ranar Laraba, wajen ƙarfe goma, ta ce, "Kawu, taswira kafin aiki ake zana ta ko bayan aiki?"

"Ya danganta."

Ta yi dariya, ni ban yi ba. Ta kawo min takardu uku da fil guda ya haɗa, bai ma fita ba tukuna. Ta farko rahoton mutumin nan ne mai cika shafi. Ya rubuta cewa da suka iso titin bayan tasha sun ci karo da falalen dutse a ƙarƙashin ƙasa, kwana tara suna sara diga na tashi da wuta, an kuma hana su nakiya saboda gidajen mutane. Don haka ya tsallakar da bututun zuwa ɗaya gefen titin, ya dasa bawul a ƙofar gidan burodi. Ta biyu takardar neman ba'asi ce daga injiniyan wancan lokaci: wa ya ba shi izinin saɓa wa taswira? Ta uku amsarsa ce, layi biyu kacal, shi da ya saba cika shafi. Ya ce ya nuna wa dutsen taswirar, dutsen bai matsa ba.

Na karanta sau biyu. Sannan na tashi, ba tare da na yi shawara da gwiwoyina ba, na jawo tsani na hau kanta ta tara, inda manyan taswirori ke naɗe. Muka shimfiɗa ta titin bayan tasha a ƙasa, muka danne gefunan da takalmanmu. Ga bututu an ja shi miƙe kamar sanda, ga bawul a gefen hagu, daidai inda aka tona ramukan nan biyar.

"Duba kusurwar ƙasa," na ce. "Kafin ki karanta abin da takarda ta ce, ki fara duba wa ya rubuta ta, kuma yaushe."

Ta durƙusa ta karanta kwanan watan, ta koma ta duba na rahoton. "Wata bakwai ta riga aikin."

"To wannan ba shaidar abin da aka yi ba ce. Shaidar abin da aka yi niyya ce. Shekarun baya aka kwafe ta aka sa a kwamfuta, tsaf-tsaf, da launi. Kusurwar ce kawai ba a kwafa ba, don ba ta da kyan gani."

"Amma babu gidan burodi a titin, Kawu. Na duba da safe."

Ta duba da safe. Wato tun jiya ta ga takardun ta yi shiru, ta tafi da su a kanta ta kwana.

Abin da ya biyo baya ba na alfahari da shi. Ni da aka ba aikin in gundure ta, sai ga ni a kan tsani ina miƙo mata kwalayen masu neman a ja musu ruwa, muna neman mai burodin da ya cika fom shekara arba'in da suka wuce. Lokacin cin abinci ya zo ya wuce. Masinja ya leƙo, ya gan ni a sama da ƙura har gira, ya juya ya koma. Wajen ƙarfe biyu muka same shi: gidan burodi, fili mai lamba goma sha bakwai. Wani fayil ɗin ya nuna filin ya zama shagon ɗinki, daga baya shagon waya. Na san shagon. Akwai kwalta lafiyayya a ƙofarsa, ba wanda ya taɓa ta.

Na haura sama da kwafin takardun. Injiniya matashi ne, mai ƙamshi, ofishinsa da sanyi kamar cikin randa. Bai ce in zauna ba.

"Farfesa, yau an ga rana ke nan? Me aka samo mana, wasiƙar Annabi Nuhu?"

Na yi masa bayani a taƙaice, abin da ba halina ba ne.

"Mu da na'ura muke aiki," in ji shi, yana juya min allon kwamfutarsa. "Ga layin nan. Wannan fa ba labarin kaka da kakanni ba ne, awo ne."

"Awon wa?"

"Ban gane ba."

"Wa ya auna, kuma yaushe?"

Ya dube ni irin kallon da ake yi wa mai tallan maganin gargajiya a cikin bas. "Ajiye a nan, in na samu lokaci zan duba." Na ajiye. Kafin in kai ƙofa na ji ƙarar takarda a bayana.

Ranar Alhamis da safe, da bas ɗinmu ta iso titin bayan tasha, ga rami na shida a ƙofar shagon waya, mutane sun kewaye shi. Leburori biyu sun kama wani dogon ƙarfe suna murɗawa, Injiniya na tsaye da farar hular kwano yana nuni da yatsa ana ɗaukarsa hoto. Ruwan da ya yi mako uku yana malala ya fara ja da baya, ya bar laka da ledoji. Duk fasinjoji suka koma gefe guda suna leƙe har bas ta karkata. Ni ma na leƙa. Auta na zaune inda take, tana goge tsatsar farcenta.

Ƙarfe goma sha ɗaya Manaja ya tara ma'aikata a farfajiya. Ya yaba wa Injiniya da tawagarsa bisa jajircewa da amfani da fasahar zamani, aka tafa. Na tafa tare da su, Auta na gefena. Ƙarfe biyu masinja ya sauko da ambulan, ya miƙo min yana kallon fanka. Takardar neman ba'asi ce: in bayyana cikin kwana biyu dalilin da ya sa na shigar da wadda ba ma'aikaciya ba ɗakin ajiyar takardun kamfani. A ƙasa an rubuta a sa kwafi a fayil ɗina. Fayil ɗina kuwa a hannuna yake, kanta ta biyu. Na miƙa wa Auta ta karanta, sannan na huda kwafin na ɗaure da farin zare da kaina, don kar ya yi tsatsa.

Raina bai ɓaci sosai ba. Ko ni na tsara darasin nan ba zai kai haka kyau ba. Yarinya ta ga aikin, ta ga amfaninsa, ta ga wanda aka tafa wa, ta ga ladan. Yaya ba za ta taɓa samun gani ya kori ji irin wannan ba.

A wurin jiran bas na ce, "To kin dai gani."

"Na gani."

"Haka abin yake. Ba yau kaɗai ba."

Ta juya tana kallon motoci. Na ɗauka tana haɗiye abin ne, na bar ta. Can ta ce, "Kawu, me ya faru da shi?"

"Injiniya? Ƙarin girma, in Allah ya kai mu ƙarshen shekara."

"A'a, mutumin. Shugaban leburorin. Bayan amsar nan tasa babu rahotonsa kuma, na duba har kwali na shida, wani ne ya ci gaba da rubutawa, mai layi uku. Korarsa aka yi ko sauya masa wuri? Ai shi ma yana da fayil nasa na ma'aikaci, ko?"

Na dube ta. Babu fushi a fuskarta, babu neman a ce ita ta gano. Damuwarta wani mutum ne da wataƙila ƙasa ta daɗe da cinye shi, wanda ba danginta ba, wanda ko fuskarsa ba ta sani ba. Na san wannan kallon. Na gan shi a fuskata, cikin gilashin shagon da mai gyaɗar nan ke zama a ƙofarsa.

"Ga bas," na ce.

Ranar Juma'a, ƙarfe biyu da rabi, na ji takun Yaya a matattakala, tana sauka tana ƙirga su da tsaki, Auta na biye. Shekara ashirin da shida, wannan ne zuwanta na farko. Ta tsaya a tsakiyar ɗakin da fararen kayan aikinta, ta dubi kantoci, ta dubi fanka, ta dubi takalman da ke wucewa ta taga.

"Nan ne?"

"Nan ne."

"Allah sarki, Inna," in ji ta, tana nufin mahaifiyarmu. "Gara da ba ta gani ba." Ta share kujera da gefen jakarta, ta zauna, ta shimfiɗa fom a teburina. "Ina jinka. Kalma ɗaya."

"Akwai abubuwa biyu da ya kamata a..."

"Ɗaya."

Na dubi Auta. Ta tsaya a jikin kanta ta shida, hannuwanta a baya, ba ta roƙe ni da ido ba. A'a ɗin da na ɗauko tun Lahadi tana nan a bakina, kuma gaskiya ce. Na buɗe baki.

"Ki sa mata hannu."

Yaya ta daɗe tana kallona, irin kallon da take yi wa majiyyacin da ya ce ya sha maganinsa alhali ga ƙwayoyin a ƙarƙashin matashi.

"Zai ciyar da ita?"

"Da ƙyar. Ni ya ciyar da ni, ba dai na yi ƙiba ba."

"Za a girmama ta?"

"Za a ba ta suna. Ni biyu gare ni."

"Za a gode mata?"

Na nuna mata takardar neman ba'asin. Ta karanta, ta ajiye da yatsa biyu.

"To don me, don Allah? Na turo ta ka warkar da ita, ka shafa mata?"

"Ban shafa mata ba, Yaya, da shi ta zo. Kin bi ta titin bayan tasha yau?"

"Na bi. Sun gyara, bayan sun gama wahalar da mutane."

"Ita ce. Ita da wani mutum da ya rubuta gaskiya shekara arba'in da suka wuce aka tuhume shi. Ba wanda zai sani, amma titin ya bushe. Wannan shi ne amfanin, iyakarsa ke nan, ba zan ƙara masa gishiri ba. Jiya aka tafa wa wani a gabanta. Da ta ji haushi, da na ce miki a'a, don mai son tafi yana warkewa, ki kai shi kantin magani ya yi arziki. Ita ko ramin ba ta leƙa ba. Tambayata take ina mutumin ya ƙare. In kin kai ta magani za ta iya, za ta yi shekara talatin tana miƙa ƙwaya, hankalinta na wani wuri. Ban ce miki zai amfane ta ba. Cewa na yi kin makara."

Fanka ta zaɓi wannan lokacin ta tashi, fom ɗin ya ɗaga, Yaya ta danne shi da tafin hannu. Ta juya wurin 'yarta.

"Ke, kin ga ɗakin nan da kyau? Kin ga kawunki? Dube shi fa."

"Na gan shi, Umma."

"Kuma kin ji kin gani?"

"Na ji na gani."

Yaya ta sauke numfashi, ta miƙo min hannu. "Ba ni biro."

"Ba a shigo da biro nan. Fensir kawai."

Ta harare ni. Ta zaro nata daga aljihun gaba, ja, wanda take rubuta zafin jikin marasa lafiya da shi, ta sa hannu da ƙarfin da ya kusa huda takardar. Ta miƙe, ta kakkaɓe bayan rigarta.

"Shekara hamsin ina jira ka ba da amsa miƙe," in ji ta. "Ranar da ka bayar, ka ga wadda ka bayar. Alhakinta na wuyanka. Ke kuma wuce, saura awa ɗaya."

Auta ta bi ta. A matattakala ta uku ta waiwayo. "Kawu, fayil ɗin."

"Wuce, za ki makara."

Na ga takalmansu sun gifta ta taga, na Yaya farare a gaba suna sauri, nata a baya.

Na zauna na rubuta amsar takardar neman ba'asi, layi biyu. Sannan na jawo tsani zuwa kanta ta goma sha uku, inda fayilolin tsofaffin ma'aikata suke. Na sami lambar shugaban leburorin a rajista ba wuya. A gurbin fayil ɗin babu komai sai wani ɗan kati da ya yi ruwan ƙasa: an aika ofishin Manaja, za a dawo da shi. Kwanan watan ya nuna shekara talatin da tara. Manajoji bakwai aka yi tun daga lokacin.

Na sauko a hankali, gwiwa na ƙara. Na san ranar Lahadi Auta za ta zo ta tambaya, kuma ya danganta ba za ta ishe ta ba. Na ɗauko takardar tuni, na cike ta da fensir, cewa ɗakin ajiya na jiran fayil mai lamba kaza da aka ara, na sa a tiren masinja. Kwali na shida na nan a buɗe inda ta bar shi, saura kusan rabi. Na jawo gwangwanin gabana na ci gaba da cire fil.